Kafin ka biya kuɗin fom na makarantar likitanci

Salamu alaikum 'yan uwa. Masu neman gurbin karatun likita da iyayen da za su ɗauki nauyi, ga 'yar shawara.

Kafin ka kashe ko sisi, bincika ko hukumar likitoci ta ƙasar da kake son yin aiki ta amince da makarantar. Fara da neman sunanta a World Directory of Medical Schools, kundin makarantun likitanci na duniya da ƙungiyoyin ilimin likitanci biyu, WFME da FAIMER, ke kula da shi a intanet, kyauta ne. Amma fa ganin suna a ciki ba ya nufin an tantance ingancinta. Sai ka shiga shafin hukumar da ke ba da lasisi ka gani da idonka, kar ka tsaya kan bakin dillali, shi kamashonsa yake nema. Mutum ya share shekara biyar ko shida yana karatu, a ƙarshe a hana shi rubuta jarabawar lasisi, wa zai kai wa kuka?

Sai batun lokaci. A Birtaniya UCAS, hukumar da ake neman gurbin jami'a ta hannunta, kan rufe karɓar takardun likitanci ranar 15 ga Oktoba, tun kafin yawancin kwasa-kwasai, kuma makarantu huɗu kacal za ka zaɓa. UCAT ma, jarabawar shiga karatun likita a can, kafin ranar ake rubuta ta. A Amurka sai da digirin farko da jarabawar shiga makarantar likitanci da ake kira MCAT, kuma makarantu da yawa suna duba takardu ne yadda suka iso, mai jan ƙafa sai ya tarar gurabe sun ragu.

Malamin da zai rubuta maka takardar shaida kuwa, sanar da shi da wuri, ka haɗa masa da sakamakonka da ranar rufewa.