Inda masu neman aikin gwamnati ke tuntuɓe a fannin siyasa da mulki

Babu fannin da masu shirin jarrabawar aikin gwamnati suke rainawa kamar na siyasa da mulki. Mutum zai ba lissafi wata biyu, ya ba wannan kwana uku, don a ganinsa ai kullum yana jin labarai, ya san ministoci da sunayensu, kuma in ana gardamar zaɓe ba a barinsa a baya. Sai an zauna a ɗakin jarrabawa a tambaye shi kwana nawa shugaban ƙasa ke da su kafin ya sa hannu a kan ƙudiri, da abin da zai biyo baya in ya ƙi, sai biro ya tsaya cak. Mai tambaya ba ruwansa da wanda ya sauya sheƙa jiya. Yawancin tambayoyinsa a kan abu uku suke: wa ke riƙe da wannan iko, wace doka ta ba shi, kuma wa zai iya taka masa birki.

Kuskuren da ya haifi sauran shi ne dogaro da takardun taƙaitawa, mutum bai taɓa buɗe kundin tsarin mulkin ƙasarsa ba. Mai taƙaitawa yakan zubar da ƙananan kalmomi, alhali a kansu ake ɗana tarko. Wani sashe zai ce dole ne a yi kaza, wani ya ce ana iya yi. Wani muƙamin ana naɗa shi bayan an ji shawarar wata hukuma, wani kuwa ba ya tabbata sai majalisa ta amince. Jin shawara da neman amincewa ba ɗaya ba ne, amma a taƙaitaccen littafi duk za ka ga an rubuta "shugaban ƙasa ne ke naɗawa". Ka samo kundin kansa ka karanta shi daga farko zuwa ƙarshe ko sau ɗaya ne, da fensir a hannu, kana ja wa irin waɗannan kalmomi layi. Bayan nan taƙaitawa za ta yi maka amfani wajen bita.

Wanda ya samo kundin kuma sai ya faɗa wani ramin, wato hadda. Zai karanto maka cewa a kundin Najeriya na 1999 sashe na 4 na majalisa ne, na 5 na ɓangaren zartarwa, na 6 na shari'a, amma in aka sauya fasalin tambayar kaɗan sai ya rikice. Lamba ba ta zama a kai sai an rataya ta a jikin labari. Ɗauki ƙudiri guda ka bi shi tun daga gabatarwa, karatu na biyu, kwamiti, jin ra'ayin jama'a, har teburin shugaban ƙasa. A Najeriya kwana 30 yake da su, a Amurka kwana 10 ban da Lahadi, kuma a ƙasashen biyu in ya hau kujerar na-ƙi, kashi biyu bisa uku na kowane zaure na iya mai da ƙudirin doka ba tare da shi ba. Haka za ka bi kasafin kuɗi, da naɗin alƙalai, da ayyana dokar ta-ɓaci.

Batun tsige shugaba ma haka ne, kuma a nan harshenmu yana ƙara rikita mutane, don kalmar "tsigewa" muke amfani da ita ga tuhuma da kuma cirewa. A Amurka majalisar wakilai ce ke tuhuma da rinjaye mai sauƙi, ta dattawa ta yi shari'a, kuma sai kashi biyu bisa uku sun yarda ake cirewa. An tuhumi Andrew Johnson a 1868, Bill Clinton a 1998, Donald Trump a 2019 da 2021, babu wanda aka cire. Richard Nixon da mutane ke yawan zaɓa a tambayar canki-canka murabus ya yi a 1974, tun kafin zauren wakilai ya kaɗa ƙuri'a.

Sai tsohon bugu. Littafin da yayanka ya ci jarrabawa da shi shekara goma da suka wuce yana iya kayar da kai yau. Kundin Amurka gyara 27 kacal aka yi masa tun da aka rubuta shi a 1787, amma na Indiya, wanda ya fara aiki ranar 26 ga Janairun 1950, ya sha gyara fiye da 100. A Najeriya an rage shekarun takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35 a 2018, na majalisar wakilai daga 30 zuwa 25, sannan a 2023 aka fitar da harkar jiragen ƙasa daga jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke da iko a kansu. Ba a cikin kundi kaɗai sauyi ke zuwa ba. Ikon kotu na soke dokar da ta saɓa wa tsarin mulki a Amurka ya kafu ne da shari'ar Marbury da Madison a 1803. A Indiya shari'ar Kesavananda Bharati ta 1973 ce ta ce majalisa ba ta da ikon rusa ginshiƙan kundin da sunan gyara. Ka ware shafi biyu a littafinka, ɗaya na gyare-gyare, ɗaya na manyan hukunce-hukuncen kotun ƙoli, kowanne da shekararsa da abin da ya sauya.

Akwai kuma abubuwan da suka yi kama da juna, kuma kama da wane ba ta wane. Indiya da Jamus suna da shugaban ƙasa, amma gwamnati tana hannun firaminista a ɗaya, shugaban gwamnati a ɗayar. Faransa tun 1958 ta haɗa tsarin shugaban ƙasa mai iko da na firaminista. Ikon da kundi bai ambata ba, a Amurka da Najeriya na jihohi ne, a Indiya da Kanada na gwamnatin tsakiya. Wanda ya fi cin mutane shi ne bambancin haƙƙoƙin ɗan ƙasa da manufofin da aka ɗora wa gwamnati. Babi na 4 na kundin Najeriya kana iya zuwa kotu a kansa, babi na 2 kuwa, mai maganar ilimi da walwalar jama'a, sashe na 6 ya hana kotu tilasta shi. Indiya ma haka ta raba kashi na 3, na haƙƙoƙi, da na 4, na manufofi. Irin waɗannan, gefe da gefe ake rubuta su a shafi ɗaya.

Abin mamaki, rabin da aka fi watsarwa shi ne na gudanar da mulki, wato ainihin aikin da mutum yake nema. Mene ne aikin minista, mene ne na babban sakatare? Me ya sa gwamnati ke sauyawa ma'aikaci yana nan? Ɗaukar ma'aikata ta hanyar jarrabawa maimakon sanayya, a tsarin da ƙasashen da Birtaniya ta yi wa mulkin mallaka suka gada, ya samo tushe daga rahoton Northcote da Trevelyan na 1854. Ka san wanda babban mai binciken kuɗi yake miƙa wa rahotonsa, wato majalisa, da kwamitin da ke bin diddigin rahoton. Ka san dokar 'yancin samun bayanai, wadda Indiya ta yi a 2005, Najeriya a 2011. Ƙa'idojin aiki, ladabtarwa da bayar da kwangila ba su da daɗin karatu, shi ya sa wanda ya daure ya karanta su yake tsere wa sa'o'insa.

A tambayoyin rubutu, kada ka mai da takarda dandalin kamfe. In aka ce ka tattauna cin gashin kan ƙananan hukumomi, kawo abin da doka ta ce, da hujjar masu so da ta masu ƙi, sannan ka faɗi matsayarka da dalili. Mai duba takardar yana auna ko za ka iya yi wa gwamnatin da ba ka zaɓa ba aiki.

Tsofaffin tambayoyi kuma da agogo ake yinsu, tun makon farko. Duk wadda ka faɗi, rubuta dalilin: rashin sani ne, ko rikita abu biyu, ko garaje. Da yawa za ka tarar ka san amsar, "ban da" ko "ba ya cikin" da ke tsakiyar tambayar ne idonka ya tsallake. Waɗanda rashin sani ne ya jawo, koma kundin ka nemo sashen da kanka, ka rubuta lambarsa a gefen tambayar.