Babi na Huɗu: Haɗa Fitilar Ɗaki da Ƙwarya

Darasi na 1: Kayan aiki

Sannunku da ƙoƙari. Fitilar da za mu haɗa a wannan babi sassa uku gare ta: gindi, wuya, da hula. Gindin katako ne, wuyan bututun roba ne irin na ruwan famfo, hular kuma ƙwarya ce da aka kifa. Da gangan muka tsaya a uku. Fitilar da sassanta suka yi yawa tana da wuyar maimaitawa, mu kuwa so muke wanda ya yi ɗaya yau ya iya yin goma iri ɗaya ya kai kasuwa.

Ga abin da za ku tanada: katako mai santimita 12 a kowane gefe, kauri santimita 2, bututu mai tsawon santimita 20, ƙwarya busasshiya mara tsagu, mai faɗin baki kamar santimita 20, igiyar fitilun LED (ƙananan fitilun lantarki a jere a jikin siririyar igiya) mai tsawon santimita 30, tsohuwar wayar cajar USB, baƙin salatif na masu gyaran wuta, ƙusa, sukuru ɗaya, fensir, rula da kwali. Mutanen Kano za su sami ƙwarya a Kasuwar Kurmi, wayar caja kuma a Farm Centre.

Idan kun je sayen igiyar LED, ku duba jikinta. Ku nemi wannan rubutu: 5V. Lamba biyar ce da harafin V, ma'anarsa bolt 5, daidai da abin da cajar waya da fawa bank suke bayarwa. In kun ga 12V ku ajiye, ba za ta kama da caja ba. Kada ku ji kunyar cewa mai shago ya nuna muku rubutun da yatsa.

Darasi na 2: Awo da huda

Ku yanka kwali daidai girman gindin, ku ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa, sau biyu. Inda layukan suka haɗu nan ne tsakiya. Ku huda wurin. Wannan kwali shi ne ma'auninku daga yau: duk katakon da za ku huda, ku ɗora shi a kai ku ɗiga fensir, ba sai kun sake awo ba. Kafinta zai huda muku ramin daidai kaurin bututu, ya kuma yi ɗan kwari a ƙarƙashin katakon inda waya za ta kwanta.

Ƙwarya kuma, ku kankare cikinta tas. Ku zana ado da fensir tukuna, sannan ku huda da ƙusa a hankali, kuna murzawa. Ban da bugu da guduma, za ta tsage. A ganina layi biyu na ƙananan huji kusa da baki sun fi kyau a kan a cika ta da zane ko'ina. Kyan fitilar ɗaki shi ne a ga haske, kada a ga inda yake fitowa, kada kuma a ga waya.

Darasi na 3: Haɗa waya

Nan ne mutane suka fi faɗuwa, don haka za mu tafi a hankali. Ba wuya ce da shi ba, kowa a cikinku zai iya.

Ku yanke ƙaramin kan wayar caja, wanda ake sakawa a wayar salula. Babban kan ku bar shi, shi za a saka a caja ko fawa bank. Ku feƙe robar waje. Za ku ga ƙananan wayoyi a ciki, wani lokaci biyu, wani lokaci huɗu: ja, baƙa, fara da koriya. Fara da koriya ba ruwanmu da su, ku datse su. Ja da baƙa muke so.

Yanzu ku dubi bakin igiyar LED. Akwai ɗigon jan ƙarfe guda biyu. Kusa da ɗaya an rubuta alamar tarawa, wato +. Kusa da ɗayan an rubuta alamar ɗebewa, wato −. Alamun nan kun san su tun a darasin lissafi.

Jar waya tana zuwa wurin +. Baƙar waya tana zuwa wurin −.

Ku faɗa da baki: ja, tarawa, baƙa, ɗebewa. Ku sake faɗa. Ku ɗora yatsa a kan alamar + ku ce "ja". Ku ɗora a kan − ku ce "baƙa". LED ta hanya ɗaya kawai take karɓar wuta, kamar ƙofar da ke buɗewa ta gefe guda. In kuka juya wayoyin ba za ta kama ba, sai mutum ya ce an sayar masa da jabu, alhali ja ce ta tafi wurin baƙa. Idan haka ta faru kada ku karaya. Ku cire daga caja, ku musanya su, ku sake gwadawa.

Wanda igiyarsa ta zo da wayoyinta a manne, ya murɗe ja da ja, baƙa da baƙa. Wanda tasa ba ta da su, mai gyaran rediyo zai ɗiga masa dalma, amma ku tsaya a kansa ku ce: ja a +, baƙa a −. Bayan haka ku naɗe kowace da salatif ita kaɗai. Ita kaɗai na ce. In ja da baƙa suka taɓa juna tsirara, caja za ta yi zafi ko ta lalace.

Wallahi abin yana ba ni mamaki: dattijo da gemunsa, an faɗa, an rubuta a allo, an sa ya maimaita, sai ya karkata yana hira ya haɗa yadda ya ga dama, sannan ya ɗago hannu wai "Malam, tawa ta ƙi." Ba ta ƙi ba, kai ne ba ka duba ba. Ku duba alama kafin ku murɗa. Ja, tarawa. Baƙa, ɗebewa. Kuma kada na ji wani ya cusa waɗannan wayoyi kai tsaye cikin soket na bango. Wutar NEPA ta haura bolt 200, tana kisa. Ta caja ko fawa bank kaɗai za a bi.

Ku gwada ta kama kafin ku ci gaba.

Darasi na 4: Harhaɗawa

Ku huda bututu kusa da samansa, ku kafa shi a ramin gindi. Ku zura waya ta ƙarƙashin gindi, ta bi cikin bututu, ta fito ta hujin. Wannan na nufin za ku zura ta ne kafin naɗin salatif na ƙarshe, kuma in kun kwance don zurawa, ku tuna ja a +. Ku ɓare takardar bayan igiyar LED, akwai gam a jikinta, ku naɗa ta a saman bututu. In ta yi tsawo, a kan layin da ke tsakiyar ɗigon jan ƙarfe kawai ake yankewa. Ku cusa guntun itace a bakin bututu, ku kifa ƙwarya, ku ɗaure da sukuru.

Darasi na 5: Gogewa

Ku goge katako da sanfefa. Mai son fenti ya shafa kala ɗaya. LED mai haske ruwan ɗorawa ta fi dacewa da ƙwarya a kan fara fat.

Darasi na 6: Farashi

Ku rubuta kuɗin kowane kaya a littafinku, ku tara, ku ƙara ladan aikinku. Ranar aji mai zuwa kowa ya zo da fitilarsa da lissafinsa.