Kurakuran da muke yi da kalmomin Helenanci a wa'azi

'Yan'uwa abin nan ya zama yayi a Legas, tun daga Agege har Obalende, mai wa'azi zai duba waya ya ce "a Helenanci kalmar nan tana nufin kaza", jama'a su ce amin, alhali sau da yawa ba haka ba ne. Yana damuna sosai don har mutanenmu sun fara raina Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda muke da cikakkensa tun 1932.

Wanda aka fi yi shi ne na agape da fileo, kalmomi biyu na ƙauna, wai agape ƙaunar Allah ce kawai, fileo kuma ta abokantaka, sai a ɗauko Yahaya 21 a ce Yesu ya tambayi Bitrus da babbar ƙauna shi kuma ya amsa da ƙarama. To amma ku duba, a Yahaya 3:35 Uba yana ƙaunar Ɗan da agapao (aikatau na agape), a 5:20 maganar ɗaya ce amma da fileo, shin ƙaunar Uba ta ragu ne a tsakani? Kuma Dimas da ya yashe Bulus don ƙaunar duniya, a 2 Timoti 4:10, agapao ɗin ne aka yi amfani da ita. Abin da ya ɓata wa Bitrus rai nassin ya faɗa, tambaya ce har sau uku, shi da ya yi musun Ubangiji sau uku.

Sai dunamis a Romawa 1:16, wai bishara nakiya ce don daga kalmar aka samo sunan dainamait. Alfred Nobel ya ƙirƙiro wannan a 1867, ina Bulus ya san ta? Iko yake nufi, ikon ceto.

Logos da rema ma haka, dukansu "magana" suke nufi, ana cewa logos rubutacciya ce rema kuma ta musamman gare ka, amma 1 Bitrus 1:23 da 1:25 sun yi amfani da su biyun kan maganar Allah guda.

Gyaran ba wuya. Kafin ka hau mumbari karanta surar gaba ɗaya, ka duba yadda marubucin ya yi amfani da kalmar a wasu wurare, ka ajiye tsohon juyin Hausa da sabo gefe da gefe, in sun bambanta ka kai wa faston da ya karanci Helenanci a makarantar tauhidi ku zauna a kai.