Yadda ake zana taswirar ruwan sama mai launi a cikin manhajar kwamfuta

Toh ƴan uwa, in kana so alƙaluman ruwan sama na arewacin Kamaru su fito da launi a cikin manhajarka ta kwamfuta, ko babu intanet, ga hanya da Python, wato yaren rubuta manhaja. Ranar da ka samu wuta da data sai ka sauke waɗannan kayan aikin Python: numpy, xarray, netCDF4, matplotlib (na zane) da PyQt5 (na yin tagar manhaja da Qt), ta pip, wato abin da ake sauke kayan Python da shi. Alƙaluman kuma ka ɗauko na CHIRPS, wani kundin awon ruwan sama da ke intanet, kyauta ne, sun faro tun 1981, kowane ɗan akwati na taswirar faɗinsa kusan kilomita 5.

Ka buɗe fayil ɗin da xarray ka yanko yankinmu kawai, daga Ngaoundéré zuwa Kousseri, kar ka loda duniya gaba ɗaya kwamfutarka ta sandare. In ka ga -9999 wannan wurin da babu awo ne, ka mai da shi NaN, wato alamar babu lamba, tun kafin zane.

Sai ka ƙirƙiri Figure, wato allon zane na matplotlib, ka sa shi cikin FigureCanvasQTAgg, wannan ɗin ne za ka liƙa a tagar Qt kamar yadda ake liƙa maɓalli. Ka kira imshow, umarnin da ke mai da jerin alƙaluma hoto, ka ba shi extent, wato iyakokin yankin, domin gefuna su nuna latitud da lonjitud, kuma don Allah ka duba origin, wato gefen da zanen zai faro, domin in jerin ya faro daga kudu ba ka sa origin="lower" ba, zaka ga Ngaoundéré ta hau saman Maroua. Ka ƙara colorbar, sandar da ke nuna ma'anar kowane launi, ka rubuta milimita a jikinsa.

Inda mutane suka fi yin ɓarna shi ne vmin da vmax, wato ƙarshen ƙasa da na sama na ma'aunin launi. In ka bar matplotlib ya zaɓa da kansa a kowane zane, watan Janairu da kusan ko ɗigo babu zai fito da launi cike kamar Agusta, mai kallo ya ɗauka damina ce. Ka tsayar da su wuri ɗaya, misali 0 zuwa 400, duk watanni su bi wannan ma'aunin. Launi kuma ka bar viridis, shi ne tsarin launi na asali a matplotlib tun siga ta 2.0 a 2017. Tsarin launi na jet kam yana da ɗaukar ido amma yana ƙirƙiro iyakokin da babu su, kuma in aka buga a baƙi da fari a wajen fotokofi sai ya rikice.

In mutum ya canza wata, kar ka sake kiran imshow da colorbar, domin colorbar zai ta ninkuwa. Yi set_data da sabon jerin, sannan draw_idle domin zanen ya sabunta.