Yadda ake fitar da cajin ayon ɗin halojin ba tare da juya alama ba

Na sha duba takardun ɗalibai in tarar an rubuta Cl⁺ a matsayin ayon ɗin kulorin, wato atom ɗin kulorin mai ɗauke da caji. In na tambayi mai takardar, sai ya ce ai kulorin ƙarin elektiron ya samu, ƙari kuwa alamarsa ta tarawa ce. Wannan kuskuren ne ya sa na zauna rubutun nan. Ba zan tsaya bayanin atom ba, na ɗauka ka wuce wurin.

Fara da jera elektiron zagaye bayan zagaye. Halojin su ne 'yan rukuni na 17 a jadawalin sinadarai. Fulorin lambarsa 9, wato yawan furoton ɗinsa, jerinsa 2,7. Kulorin 17, jerinsa 2,8,7. Buromin 35, wato 2,8,18,7. Ayodin 53, wato 2,8,18,18,7. Kowanne da bakwai ya ƙare, saura ɗaya zagayen waje ya cika takwas. Fizge elektiron daga jikinsu yana cin makamashi mai yawa, karɓar guda ɗaya kuwa har makamashi take saki. Shi ya sa suke karɓa.

To, ga inda ake zamewa. Kada ka sa alama da ka. Ja layi a gefen takarda, furoton a hagu, kowanne cajinsa +1, elektiron a dama, kowanne cajinsa −1. Kafin kulorin ya karɓi komai, 17 ne nan, 17 ne can, babu wanda ya rinjayi wani, cajinsa sifili. Bayan ya karɓa, furoton suna nan a 17, don babu abin da ya taɓa cibiyar atom ɗin, elektiron kuma sun koma 18. Haɗa +17 da −18, ka ga −1. Shi ne Cl⁻. Abin da ya shigo cajin ɗebewa yake ɗauke da shi, kamar mai cin bashi ne, an danƙa masa abu a hannu amma lissafinsa baya ya yi. Ni a ajina duk wanda bai ja wannan layin ba, ba na duba amsarsa, ko da ya dace. Akwai gajeriyar hanya, ka cire 18 daga lambar rukuni, 17 − 18 = −1, amma kada ka taɓa ta sai hannunka ya faɗa da layin.

Maimaita da sauran. F⁻ furoton 9 gare shi, elektiron 10, jerin niyon ke nan, sinadari mai lamba 10. Br⁻ 35 da 36, I⁻ 53 da 54. Ka kula, Cl⁻ ya yi jeri irin na agon, sinadari mai lamba 18, amma bai zama agon ba, yawan furoton ne ke raɗa wa sinadari suna. Sunan ayon ɗin dai yana ɗan sauyawa, kulorin ya koma kulorayid, buromin ya koma buromayid. Ba sai ka sayi kayan kwaikwayon atom ba, tsakuwa bakwai a zagaye da ta takwas a hannunka sun isa.

Wajen rubuta lissafin, ka tuna halojin bibbiyu suke zama, saboda haka Cl₂ + 2e⁻ → 2Cl⁻, inda e⁻ ke nufin elektiron. Elektiron ɗin daga ƙarfe suke fitowa, kamar sodiyam: Na → Na⁺ + e⁻.

Sai maganar rasa elektiron. Wanda ke mayar da elektiron shi ne ayon ɗin da ya riga ya karɓa. Zuba ruwan kulorin cikin ruwan fotasiyam buromayid, sai ka ga ya juya ruwan goro: Cl₂ + 2Br⁻ → 2Cl⁻ + Br₂. Kulorin ya ƙwace, buromayid ya saki. Ƙarfin ƙwacen yana raguwa daga fulorin zuwa ayodin, domin atom na ƙara girma, zagayen waje na nisa da cibiya. Lantarki ma yana tilasta sakin: 2Cl⁻ → Cl₂ + 2e⁻. In kuma ka ci karo da +7 a kan kulorin cikin ClO₄⁻, lambar lissafi ce kawai, tarayya yake yi da oksijin a kan elektiron ɗin, bai zubar da bakwai ba. Fulorin kam a duk haɗin da ya shiga da wani sinadari −1 ake rubuta masa.