Babi na 7: Kalsiyam, jini da kwalbar gwaji

Darasi na 1: Abin da ke sa jini ya daskare

A karanta da ƙarfi, a hankali. Wanda bai gane ba ya sake, ba abin kunya ba ne.

Kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana lulluɓe da wani siririn tantani. A cikin jini akwai wasu furotin da ba sa iya manne wa tantanin nan sai da kalsiyam, wato sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, wanda kaɗan daga cikinsa ke yawo a jini. Shi ne danƙon da ke shiga tsakani ya haɗa su. Huɗu daga cikin furotin ɗin hanta ce ke yin su da taimakon bitamin K, lambobinsu 2, 7, 9 da 10. Idan mutum ya yanke, sai su manne a kan ƙwayoyin da suka taru a bakin raunin, jini ya yi guda. In babu kalsiyam, ba zai daskare ba.

Darasi na 2: Kwalba mai shuɗin murfi

Ku ɗaga kwalbar ku duba gindinta. Ɗan ruwan da ke ciki sitiret ne, aikinsa ya kama kalsiyam ya riƙe, don jinin ya isa ɗakin gwaji bai daskare ba. Kada a zubar da shi.

Ku nemi layin da ke jikin kwalbar, ku sa yatsa a kai. Jini ya kai wannan layin daidai. Awon shi ne kashi 9 na jini, kashi 1 na sitiret. A kwalbar da aka fi gani, mililita 2.7 na jini a kan 0.3. A ɗakin gwaji za a mayar wa jinin da kalsiyam, a ƙirga daƙiƙun da zai ɗauka kafin ya daskare. In jinin bai kai layi ba, sitiret ya yi yawa, sai ya cinye kalsiyam ɗin da aka ƙara, sakamako ya nuna mara lafiya yana da matsalar da ba shi da ita.

Saboda haka: a cika zuwa layi. Sannan a kifa kwalbar, a dawo da ita, sau 3 ko 4, sannu a hankali. Madalla, haka ake yi. A sake gwadawa da ruwa mai launi: zuwa layi, kifa, dawo.

Malam, Hajiya, ba kwalbar maganin tari ba ce da za a girgiza! Girgizawa tana fasa jajayen ƙwayoyin jini, samfurin ya lalace, a koma a sake soka wa bawan Allah allura. Kuma “ai saura kaɗan ya kai” ba awo ba ne. An faɗa, an sake faɗa, amma kullum a nan ake tuntuɓe. Layi, sannan a kifa a hankali.

Darasi na 3: Kwalba mai murfi shunayya

Tana ɗauke da wani sinadari mai suna EDTA, shi ma kalsiyam yake kamawa, har ya fi sitiret riƙo. A kifa ta sau 8 zuwa 10. A cika ta bayan shuɗiyar, don kada EDTA ya bi allura ya ɓata gwajin daskarewa. Ita ma zuwa layi.

Darasi na 4: Aneksin

Wani dangin furotin ne, iri 12 a jikin mutum, siffarsa kamar faifai mai ɗan lanƙwasa. Ta bayan faifan yake kama kalsiyam ya manne wa tantanin ƙwayar halitta. Idan tantani ya yage, kalsiyam ya kwarara cikin ƙwaya, sai aneksin ya taru a wurin ya yi faci.

Aiki: a rubuta “kalsiyam” sau 5, a zana kwalba da layinta.