Darasi: Gyara Sautin Gida Ba Tare da Ɓarnar Kuɗi Ba

Gidaje da yawa a Damagaram suna da abin saurare: rediyo, ko tsohon amfili, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, da lasifika biyu. Da su ake jin labarai da karatun Alƙur'ani da waƙa. Idan sauti ya fara dusashewa, sai maigida ya ce bari ya nufi Kasuwar Dole ya sayo sabo. Dakata tukuna, ɗan'uwa. Akwai gyaran da ba ya cin ko dala.

Fara da mazaunin lasifika. Kada ka bar ta a ƙasa. Ɗaga ta ta yi daidai da kunnen mai zaune. Raba biyun, ɗaya dama ɗaya hagu, su fuskanci inda ake zama. Wadda aka cusa a kusurwa tana cika gurnani, magana ta cakuɗe, don haka a ɗan ja ta daga bango. Ɗakin siminti mai rufin kwano yana mayar da amo. Tabarma da darduma da labule suna rage shi.

Duba wayar da ta haɗa lasifika da amfili kuma. Ja ya shiga ja, baƙi ya shiga baƙi. Idan aka juya ta a lasifika ɗaya, sautin ganga zai raunana.

In duk wannan bai wadatar ba, to a yi sayayya, amma ido buɗe. Za ka ga kwali an rubuta 2000 W, wato wat 2000, da manyan baƙaƙe, kusa da shi PMPO. Wannan lambar talla ce. Wadda za ka nema ita ce mai RMS, ita ke nuna ƙarfin da na'ura ke iya riƙewa. Wat 20 ko 30 na RMS sun ishi ɗakin kwana ko falo. Mutane da dama suna zuba kuɗi a kan wat, abin yana damuna. Daga wat 50 zuwa 100, ƙarar kaɗan take ƙaruwa. Sai an ninka wat sau 10 kafin kunne ya ji ta ninku sau biyu. A ganina, mai kuɗi kaɗan ya sa su a lasifika mai kyau, ya ci gaba da tsohon amfilinsa. Sai dai ya duba bayan lasifika, zai ga 4 ko 6 ko 8 ohm, wato ma'aunin turjiyar lasifika ga wuta. Kada lambar ta gaza wadda aka rubuta a bayan amfili, in ba haka ba zai yi zafi.

In za ka saya, je da wayar salularka mai muryar da ka saba ji. Ce wa mai shago: "Malam, a jona mini in ji." In an ƙara murya ta fara karkarwa, bar lasifikar. Tsohon amfili ma yana karɓar Bluetooth idan aka saya masa ƙaramar na'urarsa.

Wutarmu volt 220 ce, kuma takan hau ta sauka. Ware wani abu don na'urar daidaita wuta. Cire soket idan an ɗauke wuta ko hadari ya taso. Da hunturu, rufe kayan da zane saboda ƙura, amma sai an kashe su sun huce.

Aikin gida: duba bayan lasifikarka, ka rubuta lambar wat da ta ohm a littafinka. Sannan lissafa: kana da jika 30, ka ware jika 12 don na'urar daidaita wuta. Nawa ya rage na lasifika?